Bangaskiya ce ke gina Kirista ko abin da ya sha a rayuwa?

Wai in mutum ya karɓi Yesu shikenan ya zama wani daban?

E to, Bulus ya ce wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne, amma dubi shi Bulus ɗin kansa mana. Kafin Yesu ya bayyana masa a hanyar Dimashƙu mutum ne mai zafin nama, gida gida yake bi yana kama masu bi, ranar da aka jajjefi Istifanas, wani mai bin Yesu, ma a gabansa masu jifan suka ajiye rigunansu. Da ya tuba zafin nan bai je ko'ina ba, da shi ya yi ta yawo Filibi, Koranti, Afisa yana kafa ikkilisiya, ya sha bulala ya sha kurkuku bai fasa ba. Kuma bai daina zama Bayahude ɗan Tarsus ba, da za a zane shi a Urushalima ai sai da ya tuna musu shi ɗan ƙasar Roma ne. Halin yana nan, akalar ce aka juya.

To wahala fa, tana gyara mutum?

Ba kullum ba gaskiya. Mun saba kawo Yusufu, yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna, daga baya ya ce musu ku mugunta kuka nufa, Allah kuwa alheri ya nufa. Amma fa bai faɗi haka yana cikin rami ba, sai da shekaru suka wuce. Ni na san wata da ɗanta ya rasu, ta yi shekara biyu ko waƙar sujada aka ɗauko sai ta tashi ta fita, masu zuwa gaisuwa kuma kowa da ayarsa a baki kamar abokan Ayuba. Wadda ta taimake ta wata tsohuwa ce da ke zuwa ta zauna kusa da ita shiru. Yau matar nan da ɗanta ya rasu ita ce ta fari a gidan duk wanda aka yi wa rasuwa, kuma ba ta yin wa'azi.

Wanda aka haifa a gidan masu bi fa, ai ya gada ko?

Tarbiyya ake gada. Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, an haife shi a 354 a inda yanzu take Aljeriya, uwarsa Monika mai bi ce sosai, amma sai a 387 aka yi masa baftisma a Milan, ya wuce shekara 30 kenan uwar tana ta addu'a.

In na faɗi cikin zunubi, na tashi daga Kirista kenan?

Bitrus, almajirin Yesu, sau 3 ya yi musunsa yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin teku, gefen wutar gawayi kuma, Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, har ran Bitrus ya ɓaci a ta ukun. Bai ce masa me ya sa ka yi min haka ba, cewa ya yi ya je ya kiwata tumakinsa.