Murɗin bututun bindiga da harsasai masu kama da juna

Murɗin bututu shi ne tsagogin da ake yankawa a cikin bututun bindiga, waɗanda ke tafiya a murɗe tun daga mazaunin harsashi har zuwa baki. Su ne ke kama kan harsashi su juya shi, ya fita yana wulwulawa kamar katantanwa, tsininsa na gaba har ya isa inda aka saita. Adakar maharban ƙasar Hausa ba ta da waɗannan tsagogi, shi ya sa harbinta na kusa ne. Ana auna murɗi da tsawon da kan harsashi ke tafiya kafin ya cika juyi ɗaya: 1:10 na nufin juyi ɗaya cikin inci 10. Ƙaramar lamba ita ce murɗi mai sauri.

Lissafi

Tsawon kan harsashi ne ke tantance murɗin da yake bukata, fiye da nauyinsa. A 1879 Alfred Greenhill, malamin lissafi a makarantar soja ta Woolwich a Ingila, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake kwatance da ita: a ninka kaurin kan da kansa, a ninka da 150, a raba da tsawonsa, duka a ma'aunin inci. Idan gudun ya wuce ƙafa 2,800 a daƙiƙa, akan sa 180 a madadin 150. Idan aka yi lissafin da 180, kan da kaurinsa inci 0.243 ne, tsawonsa inci 1.05, zai bukaci kusan 1:10. In tsawon inci 0.88 ne, 1:12 ta ishe shi. Ƙa'idar Don Miller ta 2005 ta ƙara da nauyi, gudu da yanayin iska. A wannan ƙa'ida, sakamakon da bai kai 1 ba yana nuna kan zai yi ta tuntsurawa, kuma masu harbin nesa sun fi son 1.5.

.243 Winchester da .244 Remington

Waɗannan nau'o'in harsashi biyu na kamfanonin Winchester da Remington sun fito a Amurka a 1955, kaurin kansu ɗaya. Winchester ta matse wuyan kwanson .308 ta samu nata, Remington kuma ta ɗauko kwanson .257 Roberts, wanda asalinsa 7×57 Mauser ne. Kwanson Remington ya fi tsawo, kusan milimita 57, na Winchester kuwa 52. Ya fi ɗaukar albarushi, wuyansa ya fi tsawo, abin da masu ɗura harsashi da hannu suke so. A takarda dai shi ne gaba.

Murɗi ne ya raba su. Remington ta sa 1:12 a bindigarta Model 722, ta sayar da kawuna masu nauyin gren 75 da 90 (gren ma'aunin nauyin kan harsashi ne). Winchester ta sa 1:10, ta kawo gren 80 na ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona, da gren 100, wato kusan giram 6.5, na farautar barewa. Mai sayen bindiga ɗaya don ayyukan biyu sai ya karkata ga .243, domin 1:12 ba ta riƙe dogon kai mai tsini na gren 100 yadda ya kamata. Ana cewa tun wajajen 1958 Remington ta fara gyara murɗin, amma sunan ya riga ya ɓaci. A 1963 ta sake fito da harsashin da sunan 6mm Remington, da murɗin 1:9 da kan gren 100, ba tare da taɓa kwanson ba. Gudunsa ya kai kusan ƙafa 3,100 a daƙiƙa, na .243 kuwa 2,960. Duk da haka kasuwa ba ta dawo masa ba. Akwai masu ganin gren 90 ya ishi barewa, kuma suka ce abin da aka faɗa a kan .244 ya wuce aibinsa.

.260 Remington da 6.5 Creedmoor

Kusan abin ya maimaita kansa a kauri na inci 0.264. An fito da .260 Remington a 1997 daga kwanson .308, yawancin bindigoginsa na farko da murɗin 1:9. Kamfanin Hornady ya kawo 6.5 Creedmoor a 2007 ko farkon 2008, daga kwanson .30 TC, da murɗin 1:8 tun daga tushe. Kwansonsa inci 1.920 ne, na .260 kuwa 2.035, kuma kafaɗarsa digiri 30 ce maimakon 20. Gajartar kwanson ita ta ba dogon kai na gren 140 damar zama a waje, bai nutse cikin wurin albarushi ba, harsashin kuma ya shiga gajeriyar ma'ajiyar harsasai ta bindiga. Gudun biyun na kusa da ƙafa 2,700 a daƙiƙa. Dabbar da aka harba ba za ta bambance su ba. Bambancin yana bayyana ne ga mai harbin mita 800 zuwa 1,000 da harsashin kanti.

Abin da ke lalacewa

Idan murɗi ya yi kasala, ramukan harbi kan watsu, sannan a ga dogon rami a takardar saiti, alamar kan ya shiga a kaikaice. Iskar sanyi mai nauyi na ƙara matsalar: kan da ya tsaya daidai da zafi a kan tudu yana iya tuntsurawa da hunturu a bakin teku. Kawunan jan ƙarfe zalla, marasa dalma, sun fi tsawo a nauyi iri ɗaya, don haka suna neman murɗi mai sauri.

Saurin ma yana da iyaka. Kan da ya fita da gudun ƙafa 3,000 daga bututun 1:10 yana juyi 216,000 a minti. In aka doshi 300,000, kai mai siririyar rigar ƙarfe kan tarwatse a iska, a ga ɗan hayaƙi mai launin toka, takarda kuma ba rami.

Auna murɗi

A tabbatar bindiga ba harsashi, a cire makullinta, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu. A ɗaura tsumma mai matsewa a sandar goge bututu wadda mariƙinta ke juyawa, a tura ta daga baya inci kaɗan. A manna tef a jikin sandar kusa da mariƙi, kamar tuta, a kuma yi alama daidai inda sandar ke shiga. A ci gaba da turawa a hankali har tutar ta cika juyi ɗaya, a sake yin alama, a zaro a auna tsakanin alamomin biyu. In tsumman ya yi sako-sako zai zame a kan tsagogin ya ba da lamba mai yawa, don haka akan maimaita sau uku.