Haɗa harsashin dalma na libarba don farautar ƙananan dabbobi

Wannan sana'ar hannu ce da ta fi ƙarfi a Amurka, inda maharbi ke narka dalma da kansa ya zuba kan harsashi, sannan ya ɗauko kwanson da aka riga aka harba, wato ɗan gwangwanin da ke riƙe albarushi, ya sake cika shi, don farautar zomo da kuregen bishiya da makamantansu da libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa. Ba ƙarfi ake nema ba sam, saiti ake nema, saboda kan kurege bai wuce girman lemun tsami ba, kuma in harsashi ya cika gudu to naman ya dagargaje an yi asara.

Abin ya daɗe. John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884 a garin New Haven yana ƙera mazubin harsashi da kayan cikawa, kamfanin Lyman suka saye shi a 1925, har yau littafinsu na cikin waɗanda masu wannan harka ke dubawa. Sai Elmer Keith, makiyayi ne kuma marubuci daga jihar Idaho da ya rasu a 1984, shi ya tsara harsashin nan mai faɗin hanci da kafaɗa mai kaifi da ake kira da sunansa. Girman da aka fi so wa ƙananan dabbobi su ne .32 S&W Long na 1896 da .38 Special na 1898, musamman kan nan mai shafaffen baki kamar gwangwani mai nauyin giren 148, kusan giram 9.6 ke nan, yana huda rami tsaf ba ya fashewa.

Dalma zalla ta yi taushi da yawa, shi ya sa ake surka ta. Haɗin da ake ce wa Lyman mai lamba 2 kashi 90 dalma ne, 5 kuza, 5 antimoni, kuzar na sa ruwan ya cika lungu-lungun mazubi, antimoni kuma ya ƙara tauri. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, in mazubin bai ɗau zafi ba za ka ga harsashin ya fito da tamoji kamar fatar tsoho, irin waɗannan komawa tukunya suke yi ba a ko tsayawa shawara.

Amma inda maganar take shi ne awo, kuma nan ne sababbin shiga ke ɓata lokaci suna ɗora laifi kan albarushi alhali ba ruwansa. A libarba harsashi sai ya fita daga maƙogwaron ganga, wato bakin ramin da yake zaune a ciki, ya tsallake ɗan giɓi, kafin ya shiga bututu, to in ya yi wa maƙogwaron nan ƙanƙanta iska mai zafi za ta bi ta gefensa tana yankar dalma tana shafe cikin bututu da ita, bayan 'yan harbi kaɗan saiti ya watse. Don haka ake auna kowane rami na gangar ɗaya bayan ɗaya, a matse harsashin ya dace da shi, yawanci ya ɗara faɗin bututu da kashi ɗaya cikin dubu na inci, a .38 ana kaiwa .358, sannan a cika tsagin jikinsa da man da ake haɗawa da kakin zuma. Gaskiya wannan haƙurin awon ya fi sayen bindiga mai tsada amfani.

Haɗarin ma ba na wasa ba ne. Kwanson .38 an yi shi ne tun zamanin baƙin albarushi, yana da fili, albarushin zamani kuwa ɗan kaɗan ake sawa, don haka mutum na iya zubawa sau biyu bai lura ba, wannan kuma fasa bindiga yake a hannu, shi ya sa ake bin ma'aunin littafin kamfani kuma a haska kowane kwanso da fitila kafin a ɗora kai. Ɗigon ruwa in ya nutse cikin narkakkiyar dalma watsa ta yake, ga guba, wanda duk ya tuna yaran Zamfara na 2010 ya san dalma ba abin ajiyewa kusa da yara ba ce. Jihar Kalifoniya ma ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019, saboda manyan ungulayen can da ke cin ragowar gawa suna mutuwa.