Masu jan fatsa a Lagdo: zare, sanda da tazarar koto

'Yan uwa masunta, barkanku da aiki. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, a arewacin Kamaru, a 1982, giwan ruwa ya samu zurfin da yake so, kuma da rana ta take sai ya yi ƙasa inda koton sama ba ya kai masa. Shi ya sa wasu suke sha'awar na'urar nitsar da koto, irin wadda ake kamun kifi da ita a manyan tafkunan Amurka da Kanada. Curin dalma ne mai kilo 3 zuwa 6 a bakin wayar ƙarfe da ake saukewa daga jirgi yana tafiya, da ɗan matsi da ke riƙe zaren fatsa. Kifi na fizga, matsin ya saki, a bar ka kai da shi.

Zaren nailan ya fi, mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15, ko sama da haka in manya kake nema. Yana miƙewa idan kifi ya zabura, kuma matsi na kama shi da kyau. Zaren saƙa kuwa santsi gare shi, yakan zame tun kifi bai taɓa ba. Inda tsage ya yi yawa, a ɗaura guntuwar waya a gaban ƙugiya, don haƙoransa ba su da wasa.

Sanda ta zama doguwa mai laushi, mita 2 da rabi ko kusan 3. A ɗame zaren har ta ranƙwafa. Da matsi ya saki, sai ta miƙe ta kwashe sako-sakon zaren da kanta. Sanda mai tauri a nan asarar kuɗi ce.

Maganar tazara tsakanin curin da koto ce ta fi rikita mutane. In curin bai wuce mita 5 ƙasa ba, kifi na jin ƙarar inji yana ganin inuwar jirgi, to a ja koto baya mita 20 zuwa 30. In ka sauka mita 12 ko fiye, mita 3 zuwa 8 sun isa, kuma gajeren zare ya fi saurin soka ƙugiya, ba ya yawan sarƙewa wajen juyawa. A riƙe tafiyar jirgi kamar ta mai tattaki a ƙasa. Da an ƙara wuta, ruwa na tura curin baya ya ɗago, zurfin da kake zato ba shi ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kwale-kwalenmu. Curin na iya maƙalewa a kututture ko dutse, ko a tarun wani, jirgi ya karkata nan take. Almakashin yanke waya ya kasance kusa da hannu, kada a naɗe wayar a yatsu, a sa rigar ruwa. Masu narka dalma kuma su nisanci tukunyar girki da wurin wasan yara, guba ce. Kafin ka fita, tambayi sarkin ruwa inda aka shimfiɗa taru.