Raunin na jiki, amma babu shi a takarda: yadda tsohon sojan Amurka ke neman lambar Purple Heart bayan shekaru

A Amurka akwai 'yan mazan jiya da suka dawo daga Biyetnam ko Iraƙi da ɓurɓushin bam a cikin tsoka, amma idan aka buɗe takardar sallamarsu ba za a ga an ambaci lambar da ake ba wanda aka jikkata a fagen daga ba. Wasu sai furfura ta fito suke fara bibiyar abin, wasu kuma 'ya'ya ne ko jikoki ke bibiya bayan rasuwarsu.

Mece ce Purple Heart, kuma wa ake ba?

Lamba ce mai siffar zuciya, launin shunayya, da hoton George Washington a tsakiya. Washington ne ya ƙirƙiro kakarta ranar 7 ga Agusta 1782, aka manta da ita, sai Janar Douglas MacArthur ya farfaɗo da ita ranar 22 ga Fabrairu 1932. Ana ba sojan da abokan gaba suka jikkata ko suka kashe. Ta bambanta da sauran lambobin jarumtaka, domin ba sai kwamanda ya ga dama ya yaba maka ba. In ka cika sharuɗɗa, haƙƙinka ce.

Sharuɗɗan kuwa uku ne: raunin daga abokan gaba ya fito, ya kai tsananin da sai likita ya duba shi, sannan an rubuta jinyar a takardun hukuma. A na ukun nan ne gizo ke saƙa.

In haƙƙi ne, yaya za a ce mutum bai samu ba?

A ɗauka ana tsakiyar artabu, gurneti ya fashe, wani ɗan ƙarfe ya shiga damtsen soja. Malamin jinyar da ke tare da su ya zaro shi da hantsaki, ya zuba magani, ya naɗe da bandeji, ya juya kan wani da hanjinsa ke waje. Akwai ɗan katin da ya kamata ya cike ya maƙala wa mai rauni, amma wa ke ta alƙalami a lokacin? Sojan ya ɗauki bindigarsa ya koma bakin daga. Bai je asibiti ba, babu wanda ya rubuta komai.

Wasu ma da bakinsu suka ce ba sa so. Yaro ɗan shekara sha tara da ya ga an kwashi abokinsa babu ƙafa, kunya yake ji a ce an ba shi lamba saboda ƙwarzane. Wasu kuma ba sa son a aika wa mahaifiyarsu talgiram cewa an harbe su. Abin da ke ban takaici a tsarin shi ne, wanda ya cije ya koma yaƙi shi ne ya fi shan wahalar kafa hujja daga baya. Wanda aka kwantar a asibiti kuwa takardu sun riga sun yi masa magana.

Akwai kuma kuskuren akawu tsagwaronsa: an ba mutum lambar a gadon asibiti, amma ba a shigar da ita cikin takardar sallama ba, wadda ake kira DD 214. Wannan shi ya fi sauƙin gyara.

Tabon da ke jikinsa bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Tabo yana nuna an ji ciwo, ba ya faɗin wanda ya ji maka shi, ko ranar. Hoton asibiti da ya nuna ƙarfe a ƙashi yana taimakawa, amma masu yanke hukunci sun fi yarda da abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Ƙa'idarsu ita ce, ana ɗaukar takardun gwamnati daidai suke har sai mai ƙorafi ya nuna akasin haka. Nauyin kawo hujja yana wuyansa.

Abin da ke da ƙarfi shi ne takardar jinya ta wancan lokaci, rahoton safiya da ƙungiyoyin soja suka riƙa rubutawa a da kan wanda ya ji rauni ko aka kai asibiti, jerin sunayen waɗanda aka jikkata, da rahoton bayan artabu. Wasiƙar da sojan ya aiko gida a makon, mai tambarin gidan waya, ita ma tana da amfani. Sai shaidar abokan yaƙi, kuma ganau ake so, ba jiyau ba. Mutum biyu da za su rantse su faɗi rana da wuri da abin da idonsu ya gani sun fi goma da za su ce “mun ji an ce”.

Ina ake kai kukan?

Farko a nemo fayil. Ana cike fom SF 180 a aika cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri. Daga nan a tura buƙata ga ofishin lambobi na rundunar da mutum ya yi wa aiki. Na sojan ƙasa yana Fort Knox a Kentucky. Sai sun ƙi ne ake zuwa kwamitin gyaran takardun soja da fom DD 149. Sojan ƙasa da nasu kwamitin, sojan sama da nasu, sojan ruwa da na ƙundumbala kuma suna tarayya a ɗaya. Majalisar dokoki ce ta kafa su a 1946, saboda ta gaji da yin doka sukutum don gyara fayil ɗin mutum guda. Farar hula ne ke zama a cikinsu, kuma yawanci takardu kawai suke karantawa, ba sa kiran mai ƙorafi. Ba a biyan ko sisi, kuma ba dole sai da lauya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na taya cike fom kyauta.

An ce gobara ta cinye fayilolin wasu. Su shi ke nan?

Ranar 12 ga Yuli 1973 wuta ta tashi a hawa na shida na waccan cibiya ta St. Louis, ta lashe fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Kusan kashi 80 cikin 100 na takardun sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 sun tafi, wato mazan Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu da na Koriya. Duk da haka ba a rufe ƙofa ba. Rahotannin safiya sun tsira, akwai bayanan kwantar da marasa lafiya na ofishin babban likitan soja, akwai fayil ɗin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji in mutum ya taɓa neman diyya. Wani lokaci ma guntun jaridar garinsu da ta buga sunansa cikin waɗanda aka jikkata ne ke nuna inda za a tona.

Raunin da ido ba ya gani fa?

Nan ne aka fi ja-in-ja a 'yan shekarun nan. Bama-baman gefen hanya a Iraƙi da Afghanistan sun girgiza ƙwaƙwalwar sojoji da yawa ba tare da ɗigon jini ba, kuma kwamandoji da dama sun riƙa ƙin sa hannu. A 2011 rundunar sojan ƙasa ta fayyace cewa irin wannan rauni yana cikin lissafi. Ma'aunin da ake bi shi ne mutum ya suma, ko likita ya hana shi cikakken aiki fiye da awa 48.

Ko bayan haka ba a daina jan ƙafa ba. Da Iran ta yi ruwan makamai masu linzami a sansanin Ain al-Asad a Iraƙi ranar 8 ga Janairu 2020, sama da soja 100 aka tabbatar sun sami raunin ƙwaƙwalwa, amma 29 aka fara ba lambar. Sai a Disamba 2021, bayan 'yan jarida sun tono zancen, aka amince da ƙarin 39.

Firgicin da ke bin mutum bayan yaƙi kuwa, duk tsananinsa, ba ya kawo wannan lamba. Haka zafin rana, gubar abinci, da hatsarin motar da babu hannun abokan gaba. Amma wanda harsashin ɗan'uwansa soja ya sama bisa kuskure ana tsakiyar gumurzu, dokar 1993 ta shigar da shi.

Lokaci na ƙurewa? Mai raunin kuma in ya rasu?

Ita lambar ba ta da wa'adi. Kwamitin gyara ne ke da shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, kuma yana da ikon kawar da kai in adalci ya buƙaci haka. Matar mamaci ko 'ya'yansa na iya nema a madadinsa. Sai dai wankin hula na kai mutum dare, don shaidu mutuwa suke yi.

Me lambar ke kawowa, ban da girma?

Babu albashi a kanta. Amma mai ita yana shiga rukuni na 3 na fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji, ana ƙara masa maki 10 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, kuma wanda ya same ta daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau yana samun cikakken tallafin karatu komai gajartar aikinsa. Shi ya sa dokar 2013 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi ƙaryar yana da ita don ya ci riba.

In kwamitin ya ce a'a?

Ana iya neman ya sake dubawa, amma sai da sabuwar hujja. Maimaita labarin da suka riga suka karanta ɓata tawada ne. Bayan nan sai kotun tarayya, cikin shekara 6. Ita kuma kotu ba ta sake auna raunin, abin da take dubawa kawai shi ne ko kwamitin ya bi ƙa'ida ko ya yi gaban kansa. Wanda ya yi nasara, za a aiko masa da lambar da takardar gyara mai suna DD 215, ya haɗa ta da tsohuwar takardar sallamarsa.