Ma'anar "Faculi": Ganye Ne, Ba Itace Ba

A 'yan watannin nan, da wuya mutum ya saurari tallar turare a gidajen rediyon Maradi, ko ya ratsa layin masu turare a babbar kasuwa, bai ji kalmar faculi ba, wadda ake rubutawa Patchouli a jikin kwalba. Abin da ke damuna shi ne yadda masu talla ke cewa "iccen faculi", har wasu su mai da shi da ud tamkar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ud ƙaro ne da ke taruwa a jikin wata bishiya idan ta kamu da cuta, faculi kuwa ganyen wani tsiro ne ɗan dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya. Sunan ma ya tona asirin, domin daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya fito, inda yake nufin "koren ganye". Shanya ganyen ake yi, sannan a tatsi mansa da tururi, kuma yawancinsa daga Indonesiya yake zuwa, inda suke kiransa nilam.

A ƙarni na 19, fataken Indiya kan cusa busasshen ganyen cikin mayafan Kashmir don kada asu ya ci su a hanyar Turai. Matan Faransa da Ingila suka saba da ƙamshin, har ya zama shaidar cewa mayafi na asali ne, su kuma masu saƙa na kwaikwayo suka shiga shafa wa nasu. Ashe maganin ƙwari ne ya rikiɗa ya zama turaren masu hali, kuma algus ya biyo shi tun daga ranar.

Man faculi iri-iri ne. Mai duhu, wanda tukunyar ƙarfe da ake tatsarsa a ciki kan rina wa launi, ƙamshinsa irin na ƙasa ne bayan ruwan farko, kusa da kajiji, kuma yana ƙara daɗi idan ya daɗe a ajiye. Mai haske an tace shi, ya fi karkata ga busasshen katako, wataƙila nan ruɗanin ya samo tushe. Akwai kuma wanda aka lulluɓe da zaƙi, salon da turaren Angel na Thierry Mugler, mai tsara tufafi ɗan Faransa, ya yaɗa tun 1992. Ni dai mai duhun nake ɗauka faculi na gaskiya, kodayake shi ne hajiyoyi kan mayar wa mai shago da cewa yana warin danshi.