Waiwaye: Yadda bikin sabuwar shekarar Sinawa ya fito kan titi a San Faransisko

Duk shekara, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, unguwar Sinawa ta San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka takan rikiɗe ta koma ja zir. Ana kaɗa ganguna, ana fasa tartsatsin wuta, yara na karɓar kuɗi a jajayen ambulan kamar goron sallah. Sai dai jerin gwanon da ya yi wa bikin suna a duniya yana da asali mai ɗaci.

Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dubban maza daga lardin Guangdong na ƙasar Sin suka tsallako teku neman arziki. Da haƙar ta ja baya, da yawansu suka koma shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta, wanda aka kammala a 1869. Ana gama cin moriyarsu aka juya musu baya. Dokar 1875 ta toshe wa yawancin matan Sinawa hanyar shigowa, ta 1882 kuma ta haramta shigowar ma'aikatan Sinawa. Unguwar ta zama ta gwauraye. Bikin da a gida ginshiƙinsa shi ne iyali su haɗu a ci abincin daren jajibiri, a nan sai mutum ya ci shi da abokan kwana a ɗakin haya ko a zauren ƙungiyar danginsa, matarsa da 'ya'yansa na can ƙetaren teku.

A 1943 aka soke dokar haramcin, domin Sin ta zama ƙawar Amurka a yaƙin duniya na biyu. Zumuncin bai je ko'ina ba. 'Yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin a 1949, shekara na zagayowa sojojin Sin suka gwabza da na Amurka a Koriya. Hukuma ta sa wa unguwar ido, ciniki ya yi ƙasa, kowa na ɗari-ɗari.

Cikin wannan hali ne ɗan kasuwa H.K. Wong da abokansa suka shirya jerin gwano na zamani a 1953, da tutocin Amurka da tsofaffin sojoji 'yan asalin Sin. Saƙon a fili yake: mu ma 'yan ƙasa ne, ku zo ku gani, ku kuma yi sayayya. A ganina wayon ya yi aiki fiye da yadda suka zata. Ƙungiyar 'yan kasuwar Sinawa ta karɓi ragamar shirin a 1958, aka kuma ƙara gasar sarauniyar kyau, wadda daga baya matasan unguwar suka yi ta suka cewa ana tallar mata ne don jan 'yan yawon buɗe ido. Har yau abin da ake jira shi ne Gum Lung, mutum-mutumin dodo mai ruwan zinariya, mai tsawon sama da mita 80, wanda fiye da mutum 100 ke ɗauke da shi a kan sanduna, yana lanƙwasa cikin hayaƙi.

Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa, iyalai suka iso, liyafar gida ta dawo da ƙarfinta. A 2022 Kalifoniya ta sa ranar cikin jerin ranakun hutunta. Dokar ba ta kira shi bikin Sinawa ba, sabuwar shekarar kalandar wata ta ce, saboda 'yan Biyetnam da 'yan Koriya da ke jihar su ma suna bikin tasu a wannan lokaci.