Rumfar baje koli da tsofaffin kaya: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Ina za mu samu kayan?

Kasuwar Katako ta Yamai. Palet (dandamalin katako da ake jera kaya a kai), tsohon kwano, tano, bututun ƙarfe, duk suna can. Ku sayi kayan tukuna, sannan ku zana rumfar daidai da awonsu. Wanda ya fara da zane zai ƙare yana yanka katako mai kyau yana zubarwa.

Kowane palet ya yi?

A'a. Ku duba hatimin gefensa. Mai HT da zafi aka gasa shi, ku ɗauka. Mai MB da guba aka turara shi, ku bar shi, haka wanda gara ta ci. Ku nemi mai tsawon mita 1,20 da faɗin santimita 80: biyar a jere sun ba ku bangon mita 6.

Kusa ko bulon (ƙarfen ɗauri mai murɗawa da ake iya kwancewa)?

Bulon. Kullum sai an faɗa! Kusa tana tsaga tsohon katako ranar kwancewa, walda kuma sai an yanka. Abin da ba ya kwantuwa lafiya, juji za shi.

An hana mu haƙa rami a filin. Yaya za mu yi kada iska ta ɗauke rumfar?

To, nan ne aikin yake. Rumfa irin wannan ba ta cika faɗuwa don nauyi ba, iska ce ke shiga ƙarƙashin rufi ta ɗaga shi. Iskar da ke gudun kilomita 90 a awa tana tura kusan kilo 40 a kan kowane murabba'in mita. Rufin mita 6 da mita 4 ke nan yana iya fuskantar abin da ya kusa tan guda.

Sai ku ɗaure rumfar da abu mai nauyi: tano mai lita 200 cike da yashi yana kai kilo 300. Huɗu a kusurwoyi sun tashi kilo 1.200, a takarda ya isa, amma da ƙyar. Ni shida nake cewa. Da ruwa kilo 200 kawai yake yi, kuma ko ya yi yoyo ko wani ya ɗebe don alwala. Ɗaurin ya tashi daga tano har zuwa ƙarfen da ke riƙe rufi, kada ya tsaya a gindin dirka. Kowane bango a gicciya masa ƙarfe ko katako daga kusurwa zuwa kusurwa, in ba haka ba zai karkace.

Sai dai lissafin nan kimantawa ne. Yana sauyawa da gangaren rufi, da tsayin rumfar, da ko fili fetal ne ko tsakanin gine-gine. Lokaci ma da nasa: iskar hunturu da sauƙi, amma hadarin Yuni a Yamai daga gabas yake tasowa da guguwa kafin ruwa ya sauka, don haka kada ƙofa ta kalli gabas. In rumfar ta wuce wannan girman, ko jama'a za su cika ta, ku kira injiniya. Ba abin kunya ba ne.

Kwano ba zai yi zafi ba?

Zai yi. Ku ɗaga rufi mita 3, ku bar tazarar santimita 40 tsakaninsa da bango, iska ta ratsa.

Za mu iya rufewa da zana?

Za ku iya, tana da sanyi da araha. Amma don Allah ku tuna gobarar azuzuwan zana ta unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021, inda yara kusan 20 suka rasu. Wayar wuta a cikin bututu, ba haɗi tsirara, ba gas, ba mai shayi a gindin bango. Ƙofa biyu, da tukunyar kashe gobara a inda kowa ke gani.

Bayan an tashi fa?

Tun ranar kafawa ku sa wa kowane yanki lamba da fenti, ku ɗauki hoto. Bulon a gwangwani guda da ɗan mai. Katako a jera shi kan bulo a inuwa, kada ya taɓa ƙasa, in ba haka ba gara ta riga ku kafin baje kolin baɗi.